Tsiron hatsi don kajin gida: abin da ya kamata ku sani

A unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Kabuga a Kano, daga lungunan cikin ganuwa har zuwa Janbulo da Ɗorayi da Rijiyar Zaki, har gobe ana kiwon kaji a gidaje, sai dai wurin kiwon ya ƙuntata. Filayen da suke gonaki a bakin hanyar Gwarzo sun koma gidaje da shaguna da makarantu, tsakar gida kuma an shafe ta da siminti. Kazar da ake saki da safe ta tafi ta tono gara, ta tsinci ɗanyar ciyawa, ta dawo da almuru a ƙoshe, yanzu tana kulle a akurki ko keji, komai za ta ci sai an saya mata. Masu kiwo sun san abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan kaji, kuma bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 darajar naira ta faɗi, masara da waken suya suka yi tsadar da ta sa gidajen gona da yawa suka rufe.

A cikin wannan hali ne bidiyoyi suka yawaita a Facebook da TikTok da WhatsApp, ana nuna faranti cike da koren tsiro, ana cewa kilo 1 na hatsi zai zama kilo 6 ko 7 na abincin kaji cikin mako guda, ba ƙasa, ba taki. Maganar nauyin gaskiya ce. Amma tsiron hatsi ganye ne da ake ƙara wa kaza a kan abincinta, ba ya maye gurbin abincin. Wanda ya gane haka zai amfana da shi, wanda ya ɗauke shi a matsayin hanyar daina sayen abinci kuwa zai ga kajinsa sun rame, ƙwai ya ragu.

Mene ne tsiron hatsi?

Hatsi ne da ake jiƙawa, a tsane shi, a shimfiɗa a faranti mai huji, a riƙa yayyafa masa ruwa har ya fito da saiwa da ganye. Ba ya buƙatar ƙasa, domin abincin da ke cikin ƙwayar ne ke ciyar da shi a kwanakin farko. Bayan kwana 6 zuwa 8 ganyen kan kai tsawon tafin hannu, saiwoyin su sarƙe da juna, a ɗago shi gaba ɗaya a bai wa dabba da ganyen da saiwar da sauran ƙwayar.

Tsirar da hatsi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masu kunun zaƙi sun daɗe suna tsirar da shinkafa ko gero, su shanya, su niƙa, su zuba a kunu don ya yi zaƙi ya tsinke. Abin da ya zo daga waje shi ne barin tsiron ya yi kore don ciyar da dabbobi. An fi yin haka a ƙasashen da ruwa da makiyaya suka yi ƙaranci, irin su Ostareliya da Indiya da Kenya da ƙasashen Larabawa, kuma galibi don shanu da tumaki ne, ana kuma yin sa da sha'ir, wanda ke son sanyi. Shi ya sa ba duk abin da aka gani a bidiyo ba ne zai yi daidai da kazar Kano da zafin Kano.

Ina ƙarin nauyin ya fito?

Daga ruwa. Busasshen hatsi yana ɗauke da ruwa kashi 10 zuwa 12 cikin 100, wato a kilo 1 akwai kusan giram 890 na ainihin abinci. Tsiron kwana bakwai kuwa kashi 85 zuwa 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Idan kilo 1 ya zama kilo 6, kuma abincin da ke ciki kashi 13 ne cikin 100, abin da ya rage giram 780 ne. An rasa fiye da giram 100. Dalili shi ne ƙwayar da ke tsira tana numfashi, tana ƙona sitacin da ke cikinta don ta samu ƙarfin fitar da saiwa da ganye, kuma mako ɗaya bai isa ganyen ya mayar da abin da aka ƙona ta hanyar hasken rana ba. A 2003 masana a jihar Kwinsland ta Ostareliya sun tattara binciken da aka yi a kan wannan hanya don shanun nama, suka ga a yawancin lokuta ba da hatsin yadda yake ya fi araha, saboda wannan asarar da kuma aikin da ke ciki.

Haka nan maganar da ake yi cewa furotin, sinadarin gina jiki, yana ƙaruwa a tsiro. Kasonsa ne ke hawa a lissafi saboda sitaci ya ragu, amma yawansa kusan yana nan yadda yake a ƙwayar.

Ga kaza lissafin ya fi tsanani. Kazar da ke yin ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci a rana. Don ta samu kwatankwacin wannan daga koren tsiro, sai ta ci fiye da giram 700, alhali ita kanta kazar Hausa ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Cikinta zai cika da ruwa tun ba ta samu rabin buƙatarta ba. Saniya da tunkiya suna da tumbi da ke narkar da ciyawa, kaza kuwa ƙundu take da shi da gajeren hanji, ba ta iya cin moriyar harza mai yawa.

Sannan mai yin ƙwai tana son furotin kashi 16 zuwa 18 cikin 100 a abincinta, da kusan giram 4 na kalsiyam a kullum, domin ɓawon ƙwai ɗaya kaɗai yana ɗauke da kusan giram 2. Masara tana da furotin kashi 8 zuwa 9, gero 11 zuwa 12, alkama 12 zuwa 13, kalsiyam kuma kaɗan ne ƙwarai a dukansu. Tsiro ba ya cike wannan giɓin. Abin da ke cike shi shi ne tunkuzar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, da gasasshen waken suya, da garin kifi, da garin ƙashi ko dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa.

To, mene ne amfaninsa?

Amfaninsa na farko shi ne ɗanyen ganye ga kazar da ba ta fita, musamman daga Nuwamba zuwa Mayu, lokacin da ciyawa ta bushe a ko'ina. Koren ganye yana ɗauke da karotin, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, da sinadaran da ke sa gwaiduwa ta yi ja. Duk mai ciyar da kaji da farar masara da dusa ya san gwaiduwarsu fari-fari take fitowa, ganye kuwa yana gyara launin.

Na biyu, tsirowa tana rage wani sinadari da ke cikin hatsi mai riƙe fosforas da ƙarfe da zinki ya hana jiki ɗauka. Da ƙwayar ta jiƙa ta farka, sai ta fara warware shi da kanta, ta kuma fara juya sitaci zuwa sukari, wanda shi ne sirrin zaƙin kunu. Ƙwayar kan yi laushi, ta fi sauƙin niƙuwa a ƙundu.

Na uku, kajin da aka kulle a ƙaramin wuri sukan koma saran juna da fizgar gashi, wani lokaci har da shan ƙwai. Idan aka ajiye musu tsiro suna tono suna tsinka, hankalinsu yakan koma kansa.

Wane hatsi ya dace?

Gero shi ne ya fi sauƙi a Kano: yana jure zafi, yana tsira da wuri, ana samunsa a kowace kasuwa. Masara tana yi, amma ƙwayarta babba ce, tana son jiƙo mai tsawo, kuma ta fi saurin yin fumfuna. Alkama, irin wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga, tana ba da tsiro mai kyau a lokacin sanyi, sai dai tsadarta kan cinye ribar.

Dawa ita ce abin kiyayewa. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa da ƙaramar shukarta na iya kashe saniya. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, kuma ta fi yawa daidai lokacin da tsiron yake ƙarami, wato lokacin da za a ba kaji. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1984 ya nuna cewa tsiron da aka samu daga giram 100 na dawa yana iya ba da gubar da ta kai ta kashe babban mutum. Masu sarrafa tsiron dawa don abin sha suna shanya shi, su murje saiwar da hudar, su dafa, wannan ke rage gubar. Kaza kuwa ɗanye za ta ci. Don haka a bar dawa a matsayin tsaba ko tsaki, kada a tsirar da ita don kaji.

Kowane hatsi aka zaɓa, a kula da abu huɗu wajen saye, ko a kasuwar Dawanau ne ko ta Rimi ko wurin mai awo na unguwa. Kada ya zama surfaffe, domin surfe yana lalata idon ƙwayar, ba za ta tsira ba. Kada ya zama irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda akan gane shi da launin ja ko shuɗi ko kore, domin guba ne. A tambayi mai sayarwa ko an zuba maganin ajiya, a kuma sansana. Sannan a guji tsohon hatsin da ƙwari suka huda, domin ƙwayar da ba ta tsira ba ruɓewa take yi ta ɓata sauran. Gwajin mai sauƙi ne: a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan kwana 3 ko 4. Idan waɗanda suka tsira ba su kai 80 ba, a nemi wani.

Yadda ake yi

Kayan aikin duk na gida ne: bokiti, gwagwa ko rariya, farantan roba masu ɗan zurfi da aka huda gindinsu da ƙusa mai zafi, buhun algarara ko tsumma mai tsabta, da ɗan kanta ko benci a inuwa inda iska ke ratsawa.

1. A sheƙe hatsin, a wanke shi sau biyu ko uku, a kwashe ƙaiƙayi da duk ƙwayar da ta taso saman ruwa.
2. A jiƙa: gero awa 6 zuwa 8, alkama awa 8 zuwa 12, masara awa 12 zuwa 24 tare da sauya ruwan a tsakani. Idan jiƙon ya zarce, ƙwayar takan shaƙe ta yi tsami.
3. A tsane sosai a gwagwa, a shimfiɗa a faranti, kaurin kada ya wuce na ɗan yatsa. Idan aka cika, na ƙasa zai yi zafi ya ruɓe.
4. A rufe da jiƙaƙƙen buhu na kwana biyun farko, sannan a buɗe.
5. A zuba ruwa mai tsabta sau 2 ko 3 a rana, a ɗan karkata farantin yadda ruwan zai fice duka. Ruwan da ya kwanta shi ne babban abokin gaba.
6. Daga kwana na uku a bar shi ya samu haske, amma ba rana kai tsaye ba.
7. Bayan an kwashe, a wanke farantin da sabulu, a ɗauraye da ruwan da aka sa wa babban cokali ɗaya na Hypo ko Jik a lita 4, a sake ɗaurayewa, a shanya a rana kafin a sake zubawa.

Wanda yake son ya riƙa samu kullum sai ya jera faranti gwargwadon kwanakin da zai bar tsiron, ya riƙa jiƙa sabo kowace rana, yana kwashe wanda ya isa. A rufe kantar da raga, domin ɓeraye da ƙadangaru da tsuntsaye suna son tsiro, kashinsu kuma yana ɗauke da cuta, har da murar tsuntsaye idan tsuntsayen waje ne.

Kwana nawa ya fi?

Ga kaji, tsiron kwana 3 zuwa 4 ya fi na kwana 7 ko 8. A wannan lokaci saiwa ta fito, huda ta ɗan leƙo, an samu laushin ƙwaya da raguwar sinadarin da ke riƙe ma'adinai, amma ba a ƙona sitaci da yawa ba, kuma fumfuna ba ta samu lokaci ba. Wanda ke neman koren ganye don gwaiduwa zai iya barin wani faranti ya kai kwana 6 ko 7, amma ya yayyanka shi gajeru kafin ya ba su. Dogon ganye yana iya dunƙulewa a jakar da ke gindin wuyan kaza, inda abinci ke fara taruwa, ya toshe ta. A kuma ajiye musu ƙananan tsakuwa ko yashi mai kaushi, domin da su ƙundu ke niƙa.

Nawa za a ba su?

Kada tsiro ya wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abincinsu, idan an auna da busasshen hatsin da aka jiƙa. Kaji goma masu ƙwai suna cin kilo 1 da ɗoriya a rana, don haka gwangwanin madara ɗaya na hatsi a kullum ya ishe su, kwanon awo ɗaya kuma zai kai kusan mako uku. A fara ba su abincinsu na asali da safe, a kawo tsiron da rana ko da la'asar. Abin da suka bari a kwashe kafin dare.

'Yan tsaki da ba su kai wata ɗaya ba a bar su a kan abincinsu na musamman, cikinsu ƙarami ne, ba shi da wurin ruwa. Kajin nama na turawa, waɗanda ake so su isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, tsiro yana rage musu saurin girma. Waɗanda suka fi dacewa da shi su ne kajin Hausa, da masu jure kiwon gida irin su Noiler, da masu ƙwai irin su ShikaBrown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, ta samar. Zabi da agwagi da talotalo ma suna ci.

Fumfuna: haɗarin da ya fi kowanne

Ɗumi da laima da hatsi su ne abin da fumfuna ke nema, farantin tsiro kuma ya haɗa duka ukun. Wani nau'inta, wanda ke kama masara da gyaɗa, yana fitar da guba mai suna afulatoksin, kuma ya fi yaɗuwa a zafin digiri 25 zuwa 35. Ta kan kiwon tsuntsaye duniya ta fara sanin wannan guba: a 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Tana lalata hantar kaza, ta rage ƙwai, ta raunana garkuwar jiki, wani ɓangarenta kuma yana iya shiga ƙwai da hantar da mutane za su ci. A jikin ɗan Adam tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta. Wanki ba ya cire ta, shanya ba ta cire ta, dahuwa ma ba ta kashe ta.

A koyi bambanta fumfuna da gashin saiwa. Gashin saiwa fari ne tas, yana manne da saiwar, yana kwantawa idan an zuba ruwa, kuma ba ya wari. Fumfuna tana yin yana a kan ƙwayar, launinta toka ko kore ko baƙi, tana warin rima. Da an gan ta, ko aka ji tsami ko yauƙi, a zubar da farantin gaba ɗaya inda dabba ba za ta kai ba. Yanke wurin da ya ɓaci a ba da sauran gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Lokaci da ruwa

Tsiro ya fi lafiya a digiri 18 zuwa 25. A Kano wannan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma yana cikin lokacin da kaji ke rasa ganye. Abin lura kawai shi ne iskar hunturu tana busar da faranti da sauri, sai a ƙara yayyafi, a kuma kare shi daga ƙura. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana kaiwa digiri 40, tsiro yana tsami cikin kwana biyu. Wanda ya nace sai ya tsaya a gero na kwana 3, a wuri mafi sanyi a gidan, nesa da rufin kwano. Da damina, musamman a Agusta, laima ta yi yawa, fumfuna na saurin kamawa, ganye kuma yana ko'ina, don haka babu dalilin wahala.

Ruwa ma lissafi ne. Gidaje da yawa a cikin birni da wajen Kabuga daga 'yan garuwa suke sayen jarka, tsiro kuma yana son wanki da ɗauraya kullum. A sa kuɗin ruwan a cikin lissafi tun farko. Ruwan da ya tsane daga faranti a zuba wa zogale ko wata shuka, kada a mayar da shi kan tsiron, kada kuma a ba kaji su sha.

Akwai abin da ya fi shi sauƙi?

Sau da yawa akwai. Bishiyar zogale ɗaya a kusurwar gida tana ba da ganye kusan duk shekara, busasshen ganyenta kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, abin da tsiron hatsi bai kai ba. Ragowar alayyafo da latas da kabeji da masu kayan miya ke warewa a kasuwannin 'Yankaba da Rimi, idan an wanke an cire ruɓaɓɓe, ganye ne mai araha. Tsiro ya fi amfani ga wanda ba shi da wurin shuka, ba ya kusa da kasuwar ganye, yana kuma da ruwa da lokacin kula da faranti sau uku a rana.

Kada kuma a ɗora wa tsiro abin da ba aikinsa ba. Ba ya maganin cutar Newcastle, wadda ke share kajin gida a lokacin sanyi. Wannan sai allura ko ɗigon rigakafi, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato, ke samarwa, ana kuma samunsa ta hannun likitocin dabbobi. Mai neman ƙarin shawara a kan haɗa abinci yana da Jami'ar Bayero a kusa, da tsangayar aikin gona da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna, ga kuma malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce mai kiwo ya gwada da kajinsa. A raba su gida biyu masu kama da juna, a ba duka abinci iri ɗaya, a ƙara wa rukuni ɗaya tsiro. A riƙa rubuta ƙwan da kowane rukuni ya yi har wata guda, da kuɗin hatsi da na ruwa, a duba launin gwaiduwa da ƙarfin ɓawo, a ɗaga kajin a ji nauyinsu. Idan ƙwai bai ragu ba, kajin sun fi kuzari, kuɗin kuma bai wuce na sayen ganye ba, a ci gaba. Idan ƙwai ya ragu ko ƙirjin kaza ya fara fitowa, tsiron ya yi yawa ko abincin asali ya gaza, sai a rage faranti a ƙara tunkuza da garin ƙashi.